Kyamarar haƙori ta iso Tawa

Tawa, Litinin da dare.

Sai yanzu na samu na zauna. Saƙon da muke jira tun makon jiya ya iso da motar Yamai, da sassafe na hau kabu-kabu na karɓo shi a tasha. Da na buɗe kwalin sai da gabana ya faɗi: abu ne kamar buroshin goge baki, da ɗan ido a kansa, ƙananan fitilu 6 kewaye da idon, maɓalli guda a jiki, sai waya mai bakin USB. Lokotoro, likitar haƙorin da nake aiki da ita, ta juya shi a hannu ta ce, "To ƙanena, kai ne ɗan zamani, ka haɗa muna kafin azahar."

Na soka wayar, Windows ta gane ta nan take, don irin waɗannan kyamarori hanyar UVC suke bi, kamar kyamarar hira ta intanet. Na buɗe manhajar da muke ajiye hotunan radiyon marasa lafiya, wato X-ray, na danna wurin ɗaukar hoto. Me zan gani? Fuskata, duk zufa. Ashe kyamarar jikin kwamfutar ta zaɓa. Na canza, allo ya yi baƙi ƙirin. Nan na ɓata kusan awa guda ina cire waya ina mayarwa kamar mai neman sa'a, alhali ni na bar manhajar Camera ta Windows a buɗe tun gwajin farko, ta riƙe kyamarar ta hana kowa. Ina rufe ta hoto ya fito.

Maɓallin ne ya sha ni. Hoto na motsi a allo, amma in ka danna, shiru. Hoton da maɓallin ba hanya ɗaya suke bi ba, akwai wata ƴar manhaja da ke mayar da dannawar ta zama kamar ka taɓa wani harafi a allon rubutu, kuma dole harafin ya dace da wanda babbar manhajar ke jira. Sun sako ta a faifan CD, kwamfutarmu ko ramin CD ba ta da shi. Da intanet ɗin wayata na sauke ta, ana cikin haka kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya. Lokotoro ta ce in bar shi, ni in riƙa danna mata daga gefe. Ban yarda ba. Ranar da ba na nan fa? Hannun da ya shiga bakin mutum da safa ba ya komawa kan allon rubutu. Bayan la'asar kaɗan maɓallin ya yi aiki.

A bakina na fara gwaji, da na sani ban yi a gabanta ba. Bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda aswaki ba ya kaiwa, datti ya daskare ya yi ruwan ƙasa, aikin shayin fada na shekara da shekaru. Ta kalli allo, ta kalle ni, ba ta ce uffan ba.

Wani abin lura: ba a sa kyamarar a tukunyar da muke dafa ƙarafuna, zafi zai kashe ta. Rigar leda ake sa mata, kowane mutum da tasa, kuma ɓangaren da ke garau shi zai rufe idon. Na farko na sa a juye, hoto ya fito kamar hazon hunturu. Ledoji 50 ne a kwalin, na riga na ɓata 3.

Wanda ya fara cin moriyarta wani dattijo ne daga Kalfu, kumatu a kumbure. Tun daga ƙofa ya ce shi ƙwaya yake so, tsutsa ce, ta saba tashi ta kwanta. Lokotoro ta lallashe shi ya hau kujera, ta ce in rubuta 36, wato turmin farko na ƙasa ta hagu: 3 ɓangaren baki, 6 lissafi daga tsakiya. Ta danna, hoton ya tsaya. Rami ne baƙi, gefe guda ya karye, dasashi ya yi jajir.

Ya daɗe yana kallo. "Ɗiyata, wanga rami cikin bakina shike?"

"Cikin bakinka, Baba. Kuma bisa kaɗai ka gani. Wannan ba ta ganin saiwa, sai mun yi radiyo."

Maganar da kan ci mana rabin awa, yau ko musu bai yi ba. Abin da ya roƙa ɗaya ne, a tura hoton ta WhatsApp wa ɗansa da ke Abijan, don shi ke biya, kuma kullum cewa yake tsohon na ƙara gishiri. Da izininsa na tura hoton kawai, ba suna. Ba mu gama wanke kaya ba ɗan ya kira.

Da zan fita Lokotoro ta ce gobe ƙarfe 8, kafin kowa ya zo, ni ne kan kujera.