Idan fitaccen mutum ya ce "ina da galahanga" bayan an zarge shi da rashin ɗa'a

A watan Nuwamban 2024 Gregg Wallace, wanda ya kusa shekara ashirin yana gabatar da shirin girke-girke na MasterChef a BBC, ya janye daga aiki bayan mutum 13 sun ce ya sha yin maganganun batsa a wurin aiki. Banijay, kamfanin da ke haɗa shirin, ya ɗauki kamfanin lauyoyi na Lewis Silkin ya bincika. A Yulin 2025, ana saura kwanaki rahoton ya fito, Wallace ya rubuta a Instagram cewa an tabbatar masa yana da otizim, lalurar da jaridu ke kira galahanga, kuma tsawon shekarun nan ba wanda ya duba halin da yake ciki balle ya kare shi. Da rahoton ya fito, cikin zargi 83 an tabbatar da 45. Mafi yawansu kalaman batsa ne da barkwancin da bai dace ba, kaɗan na fitowa gaban mutane ba cikakkiyar sutura, ɗaya kuma na taɓa jikin wanda bai so ba. BBC ta raba gari da shi.

Nan take mutane suka dare gida biyu. Wasu suka ce ƙarya ce, lauyoyi ne suka ba shi dabara. Wasu suka ce ai mai lalura ne, a ƙyale shi. Haka aka yi a Fabrairun 2025 da mawaƙi Kanye West ya ce likita ya gaya masa galahanga gare shi, kwanaki kaɗan kafin ya sake shan suka kan kalaman ƙin Yahudawa. Shi kuwa Elon Musk tun Mayun 2021 ya faɗa da bakinsa cewa yana da Asperger, wani nau'in galahanga, amma da aka yi ca a kansa saboda yadda ya ɗaga hannu a wani taro a Janairun 2025, abin da wasu suka kwatanta da gaisuwar 'yan Nazi, wasu magoya bayansa ne suka janyo lalurar don su kare shi. A ganina ɓangarorin biyu kuskure ɗaya suke yi: suna cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a rarrabe. Shin mutumin yana da lalurar? Shin ya aikata abin, kuma wani ya cutu? Shin lalurar ce ta jawo wannan aikin takamaimai? Amsar ɗaya ba ta warware sauran.

Masu cewa ƙarya ce suna kafa hujja da lokaci: me ya sa sai yanzu? Amma yawancin manyan da ake gano musu lalurar ba sa zuwa wurin likita sai rayuwa ta cije, aiki ya lalace ko aure ya mutu ko damuwa ta yi tsanani. Wanda aka haifa a shekarun 1960 ya yi ƙuruciyarsa a zamanin da ba a lura da yaron da ke magana tar kuma yake cin jarrabawa. Saboda haka zuwan sakamako a tsakiyar rikici ba hujjar ƙarya ba ne.

Kuma gwajin ba na jini ba ne, ba na hoton ƙwaƙwalwa ba. Littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya shigar da Asperger ƙarƙashin galahanga a 2013, ya gindaya sharuɗɗa. Dole a sami matsala a fannoni uku na mu'amala duka: musayar zance da jin daɗi, karanta fuska da motsin jiki, da ƙulla dangantaka da riƙe ta. Sannan a sami aƙalla biyu cikin huɗu: maimaita motsi ko kalma, nacewa kan tsari ɗaya, tsananin shaƙuwa da wani fanni, da yawan jin ƙara, haske, wari ko taɓi, ko ƙarancinsa. Dole alamun su faro tun yarinta kuma su riƙa kawo cikas na gaske. Akan fara da gajeren tambayoyi goma na AQ-10, wanda maki 6 zuwa sama ke nuna a ci gaba da bincike. Sai zaman ADOS-2 na minti 40 zuwa 60 inda ƙwararre ke kallon yadda mutum ke hira, sai doguwar tattaunawa da iyaye ko wanda ya san shi yana yaro. Inda aikin ke yin rauni ga dattijo shi ne nan: iyayen sun rasu, rahoton makaranta ya ɓace, sai a dogara da abin da ya faɗa da kansa. Wannan rauni na nan, amma mai riƙe da waya daga nesa ba shi da abin da zai tabbatar da sakamakon ko ya rushe shi. Duk sa'ad da aka ce "bai yi kama da masu galahanga ba", dubban mutanen da aka gano musu lalurar suna da shekara arba'in ko hamsin su ma sun ji, kuma da su ake.

Masu cewa a ƙyale shi kuwa ba su san iyakar abin da lalurar ke iya bayyanawa ba. Tana iya sa mutum ya kasa gane cewa dariyar da ake yi ta yaƙe ce. Tana iya sa ya tsaya kusa da mutum fiye da kima, ya yi ta zuba bai lura an gaji ba, ya faɗi gaskiya gatsal, ya ɗauki habaici a matsayin zance kai tsaye, ko ya kwaikwayi irin wasan da ya ji ana yi a wurin aiki bai san inda ake tsayawa ba. Duk wannan na faruwa. Abin da ba ta koya wa mutum shi ne zaɓen wanda zai yi wa. Wanda ba ya karanta fuska zai yi kuskuren gaban shugaban kamfani kamar yadda zai yi shi gaban yarinyar da ta fara aiki jiya. To sai a duba: wa abin ya fi faɗa wa, na ƙasa kaɗai ko har na sama? Ana yi a bainar jama'a ko sai an keɓe? An taɓa cewa "kada ki faɗa wa kowa"? Wadda ta kai ƙara ta rasa aiki daga baya? Ɓoyewa da zaɓe da ramuwa duk suna nuna mutum ya san dokar sarai.

Tambayar da ta fi kowacce nauyi ita ce abin da ya biyo bayan an faɗa masa ɓaro-ɓaro. Masu galahanga da yawa sun fi kowa riƙe doka idan an shimfiɗa ta a fili. A nan rahoton Lewis Silkin ya ba da abin dubawa: an gargaɗi Wallace a 2017, ya ɗauki matakin gyara, kuma zargi ɗaya tak aka tabbatar daga bayan 2018. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Yana nuna gargaɗi bayananne ya yi aiki, kenan waɗanda suka yi shiru sama da shekara goma suna da nasu kason laifi. Yana kuma nuna mutumin na iya kame bakinsa, kenan lalurar ba ta ɗaure masa hannu ba.

Dokar Birtaniya ta riga ta raba abubuwan nan. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa mai lalura sassaucin da ya dace, amma ita dai dokar ce ta ce cin zarafi ana auna shi da manufa ko da tasiri. Wato ko ba ka yi niyya ba, idan maganarka ta ƙasƙantar da abokiyar aiki, tana da hakkin kai ƙara. Daga Oktoban 2024 an ƙara ɗora wa kamfanoni nauyin ɗaukar matakin hana cin zarafin jinsi tun kafin ya faru. Sassauci yana shiga ne cikin yadda ake bincike: a ba wanda ake zargi tambayoyi a rubuce kafin zama, a yi tambaya ɗaya-ɗaya ba lauje cikin naɗi, a ba shi hutu, a bar shi ya zo da mai rakiya, kada a ɗauki kau da ido ko bushewar murya a matsayin rashin nadama. Yana iya shafar irin hukuncin. Ba ya mayar da abin da ya faru ya zama bai faru ba.

Inda wuraren aiki suka fi faɗuwa shi ne gargaɗin farko. Manaja ya ja mutum gefe ya ce "ka ɗan rage wasa", ya tafi yana ganin ya sauke nauyi. Ga mai galahanga wannan ba umarni ba ne, don bai san wane wasan ba, bai san ragin nawa ba. Gargaɗin da ke aiki yana faɗin rana da wuri da ainihin kalmar da aka furta, ya ce wannan kalmar da irinta an hana, ya faɗi abin da zai biyo baya idan an sake, a rubuta, a sa ranar sake zama. Idan mutumin tauraro ne da shiri ya dogara a kansa, sau da yawa ba mai ƙarfin halin yin haka, sai ƙananan ma'aikata masu kwantiragin wata uku su haɗiye abin don kada a daina kiransu.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba a jin muryarsu a wannan muhawara. Ƙungiyar masu galahanga ta Birtaniya ta ja kunne a lokacin rikicin Wallace cewa kowane mai lalurar daban yake, kada a yi wa kowa kuɗin goro da halin mutum ɗaya. Dalilin a fili yake. A ƙasar, kusan uku cikin goma ne kawai na masu galahanga da suka isa aiki ke da aikin yi, kuma a Ingila sama da mutum dubu 200 ne ke jiran gwaji a ƙarshen 2024, alhali ƙa'ida ta ce a fara duba mutum cikin wata uku. Matashin da ke shawarar ko ya bayyana lalurarsa a ranar ganawar neman aiki yanzu yana tsoron manaja zai tuna da kanun labarai ya ɗauke shi mai batsa. Bincike kuma ya sha nuna mata masu galahanga sun fi sauran mata fuskantar cin zarafin jinsi, saboda wahalar gane mugun nufi da kuma yadda ake ƙin gaskata su idan suka ba da labari ba hawaye. A kowane ofishi da ake cewa a yi wa mai laifi uzuri don yana da lalura, mai yiwuwa wadda ta kai ƙarar ita ma tana da ita, kuma ita ma tana buƙatar tambayoyin a rubuce da mai rakiya a ranar da za ta ba da shaida.