Ranar Farko a Wuraren Tarihin Babban Birni: Uku Sun Ishe Ka

Ɗalibin da zai fita ganin wuraren tarihi karo na farko, yawanci da dogon jeri yake fitowa: wuri takwas, wuri tara, duk a wuni guda. Kafin la'asar ƙafa ta yi bororo, cajin waya ya ƙare, hotuna sun haura ɗari uku. Amma ka tambaye shi wa ya gina abin da ya tsaya a gabansa da safe, sai ya hau sosa ƙeya. Wuri uku sun isa: babba ɗaya da sassafe, ƙanana biyu na kusa da shi bayan an huta.

Yi lissafin da kanka. Babban wuri yana cin awa biyu zuwa uku. Layin shiga da binciken jaka za su iya ɗauke maka rabin awa ko fiye, kuma wuraren da yawa suna daina karɓar mutane minti 30 zuwa awa ɗaya kafin lokacin rufewa da aka rubuta. Ga kuma yaudarar taswira. A Washinton, wanda ya tsaya a ginin majalisar dokokin Amurka zai hango hanya miƙe ɗoɗar zuwa wurin tunawa da tsohon shugaban ƙasa Lincoln, ya ce ai nan da can ne. Kusan kilomita 3 ke nan, tafiyar wajen minti 40 ba tare da tsayawa ba, kuma babu wanda ba ya tsayawa.

Kafin ranar, abu na farko da za ka duba shi ne ranar hutun wurin. Gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya buɗewa ranar Talata. Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijin, wadda aka kammala a 1420, tana rufe yawancin ranakun Litinin, kuma sai ka yi rajistar tikiti tun da wuri da lambar fasfonka. Ita wannan fada ma hanyarta ɗaya ce: ta ƙofar kudu ake shiga, a fita ta arewa ko gabas. Idan kun yi da abokan tafiya za ku haɗu "a inda muka shiga", kun sayi doguwar tafiya. Masallatan tarihi kuwa ba a yawon kallo a cikinsu lokacin sallar Juma'a, kuma manyan coci-coci irin na birnin Rum suna mayar da wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke waje.

Tikiti ma akwai abin lura. Da yawa yanzu da lokaci suke zuwa; idan an ba ka 9:30 ka iso 10:30, ƙila ya tashi a banza. Karanta abin da ya ƙunsa: na Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa a Rum, yana haɗe da dandalin tsohon birnin da tsaunin Palatin, amma wasu ɗalibai sukan juya ba su sani ba. A shafin intanet na hukumar wurin za ka saya, ba hannun mai tare mutane a bakin ƙofa ba. Ka riƙe katin shaidar ɗalibi na ainihi, mai hoto da ranar ƙarewa, domin a ƙasashe irin su Masar ana yi wa ɗalibai ragi sosai, kuma ba kowane mai sayar da tikiti ne ke yarda da hoton kati a waya ba.

Kaya kaɗan ne. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, kada sabo. Dutsen marmarar tsaunin Akropolis a Atens ya sha sawu har ya yi santsi, kuma a shekarun nan hukumomi sukan rufe wurin da tsakar rana idan zafi ya tsananta. Ruwa lita ɗaya da rabi, ƙaramin abin cajin waya, jaka ƙarama, ɗan littafi da biro.

Yanzu ga ainihin abin da ya fito da kai, wato kallo. Yawancin tsofaffin gine-gine ba mutum ɗaya ne ya yi su ba, ba kuma a zamani ɗaya ba, kuma a jikinsu ake karanta hakan. Hasumiyar Washinton mai tsayin mita 169, idan ka ɗaga ido wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, za ka ga launin dutsen ya sauya. Aiki ne ya tsaya a 1854 don rashin kuɗi, yaƙin basasa ya biyo baya, da aka dawo sai aka samo dutse daga wata mahaƙar dutse daban, aka kammala a 1884. Dubban mutane suna ɗaukar hoto a gindinta kullum ba su lura ba.

A Alƙahira abin ya fi haka daɗi. Sansanin da ke kan tudu, Salahuddin ne ya fara gina shi a 1176, shi ya sa baƙo yake zaton babban masallacin cikinsa mai ƙubbobi da siraran hasumiyoyi ma nasa ne. Ina! Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, shi ne ya soma shi a 1830, bisa salon Turkawan Usmaniyya. Ka sauko ƙasa kaɗan, ga masallatai biyu suna fuskantar juna, girma kusan ɗaya, launi kusan ɗaya, kamar tagwaye. Na Sultan Hasan an fara shi a 1356, na Rifa'i kuwa sai 1912 aka gama. Sama da shekara 500 ke tsakaninsu. Kama da wane ba wane ba ne. Wanda ya zo da waɗannan shekarun a takarda zai tsaya yana neman bambancin, wanda bai zo da su ba zai wuce yana cewa masallatai biyu masu kyau.

Don haka daren da gobe za ka fita, rubuta abu uku kan kowane wuri: wa ya gina, yaushe, don me. Idan ka isa, ba wa idonka minti goma kafin ka fito da waya. Zagaya ginin daga waje tukuna, ka nemi inda dutse ya sauya ko aka toshe tsohuwar ƙofa. Ɗauki hoton allon bayanin da ke bakin shiga kafin komai, domin bayan mako biyu hotunan ƙubbobi duk iri ɗaya za su zame maka. Inda aka hana filasha ka kashe, masu gadi ba sa wasa da wannan.

Ɗan jagora yana da amfani idan mai lasisi ne kuma kun daidaita kan kuɗi da tsawon lokaci kafin ya buɗe baki. Wanda ya tare ka a hanya ya ce "yau a rufe yake, zo in kai ka wani wuri", ka gode masa, ka ƙarasa bakin ƙofar ka gani da idonka.