Na je Singafora koyon aikin tashar jiragen ruwa, ruwan famfo ya fi tsaya mini a rai

Aikin fiton kaya nake yi, shi ya sa da aka tura ni horon mako uku a Singafora na ɗauka kwantena kawai zan je gani. Na kuwa gani. Ranar da aka kai mu tashar Pasir Panjang na saki baki ina kallon ƙugiyoyi suna sauke kaya daga wannan jirgi ana loda wa wancan, kayan ko cikin gari ba su leƙa ba. Yawancin abin da ke bi ta nan kayan wasu ne za su wajen wasu, ita Singafora ladan dillanci take ci. In ka cire Shanghai, babu tashar da ta fi ta yawan kwantenoni a duniya. Sana'ar kuma tsohuwa ce, tun 1819 da Baturen Ingila Stamford Raffles ya ƙulla yarjejeniya da Sarki Hussein, ya buɗe zango a bakin mashigin Malaka, ya ce babu kuɗin fito. Nan da nan fatake suka yi ta kwararowa daga Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa.

Kuskurena shi ne na zaci dacen wuri kaɗai ya azurta su. Wani malaminmu, dattijo ɗan ƙabilar Malay, shi ya warware mini. Ya tarar da ni ina cika gora a famfo, ya ce ko na san daga ina ruwan nan yake? Na ce a'a, Malam. Ya ce wani kaso daga jihar Johor ta Malesiya ake turo shi ta bututu, bisa yarjejeniyar 1962 wadda za ta ƙare a 2061. Ranar 9 ga Agusta 1965 da aka raba su da Malesiya, Firaminista Lee Kuan Yew hawaye ya yi a talabijin, ga shi tsibirin ba shi da mai, ba shi da ƙasar noma, ko ruwan sha sai maƙwabci ya sammasa. Daga nan suka riƙe cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Suna tara ruwan sama a madatsai, suna cire gishiri daga na teku, suna kuma tace wanda aka riga aka yi amfani da shi, wanda suka sa wa suna NEWater. Da aka miƙo mini kwalbarsa sai da na yi jim. Malam ya ce majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, MUIS, ta ba da fatawar tsarkinsa. Na yi bismilla na sha, wallahi garau yake.

Shi ne kuma ya gayyace ni gidansa a unguwar Tampines, a irin benayen da hukumar gidaje ta HDB ke ginawa, inda kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar ke zaune. Ƙofar da ke kallon tasa ta wani Basine ce, da ɗan jan akwatin ibada a jikin bango, turare na tashi. Ta gaba kuma ta Batamile ce, wato ɗan asalin Indiya. Na ɗauka haka ta faru da kanta, ashe doka ce: tun 1989 aka ƙayyade kason kowace ƙabila a kowane bene, don ba su manta da rikicin Sinawa da Malay na 1964 ba. Sinawa ne kusan kashi uku cikin huɗu, amma taken ƙasa da harshen Malay ake rera shi. Ban taɓa tunanin ana shirya maƙwabtaka da gangan kamar yadda ake shirya jadawalin jirage ba sai a wannan barandar.

Ba komai ne ya kwanta mini ba. Jam'iyyar PAP ke mulki tun 1959, zanga-zanga ba tare da izinin 'yan sanda ba kuwa sai a wani kusurwa na lambun Hong Lim. Abin da ya fi sosa mini rai na gan shi ne da asuba, a hanyarmu ta zuwa sabuwar tashar Tuas da ake ginawa kan ƙasar da aka cike teku aka samar. Leburori 'yan Bangaladash da Indiya ne zaune a bayan buɗaɗɗiyar mota, daga ɗakunan kwanansu na bayan gari za su wajen aiki, wani ya jingina kai da kafaɗar ɗan'uwansa yana barci, hular kwano a kan cinya.