Ba Ni Ne Ogansu Ba

A takarda aikin ba shi da wuya: a daina rubuta shigar kaya da fitarsu a manyan littattafai uku, a koma rajista guda a kwamfuta, wadda sashen saye da na sito da na kuɗi za su riƙa dubawa tare. An ɗora mini aikin, amma ba a haɗa mini da iko ba. Cikin mutum 11 da abin ya shafa babu ko ɗaya a ƙarƙashina. Bakwai sun girme ni, biyu ma sun fi ni matsayi.

Na fara da abin da na ɗauka shi ne shugabanci. Na tsara jadawali, na tura imel da wa'adi, na sa manaja cikin masu ganin kwafi don kowa ya san da babba a bayana. Sati uku ba abin da ya motsa. A taro kowa ya ce "to, ba damuwa", a tashi a koma kan littafi. Wannan "to" ɗin ta fi "a'a" wahalar sha'ani, domin mai cewa a'a ya ba ka abin kamawa. Kwafin da nake tura wa manaja kuwa shi ya fi cutar da ni: sai aka ɗauke ni ɗan kai rahoto, in na shigo ofis hira ta mutu.

A lokacin ne na ci karo da rabe-raben da John French da Bertram Raven suka yi a 1959, inda suka ce iko kan mutane yana fitowa daga wurare biyar: muƙami, ba da lada, hukuntawa, gwaninta, da kuma ƙimar da mutum ke da ita a idon jama'a. Ukun farko da kujera suke zuwa. Su nake ta aro daga manaja, alhali biyun da ba sa buƙatar kujera ban ko waiwaye su ba.

Sai na lura duk wanda na tambaya a sito, kafin ya amsa sai ya dubi wani dattijo da ya fi shekara 20 yana riƙe da littafin. Na ajiye laftof ɗina, na roƙe shi ya bar ni in taya shi ƙidayar kaya. Yamma uku muna tare, ina kiran lamba yana rubutawa. A rana ta biyu na ga wasu ƙananan alamu na fensir a gefen shafi, nan ɗigo, can ɗan layi.

"Baba, waɗannan fa?"

"Ɗana, ɗigon nan kaya ne da suka zo ba cikakku ba. Shi ke hana a biya kuɗin abin da ba a kawo ba. Na'urar taka ta san shi?"

Ba ta san shi ba. Ashe ba taurin kai ba ne. Littafin nan shi ne shaidarsa ranar da kaya suka ɓace aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi, ni kuma na zo zan karɓe masa shi in ba shi fam ɗin da ba shi da gurbin abin da ya fi muhimmanci.

Na ƙara gurbin yadda ya faɗa, da kalmominsa. Sannan ban ce ya bar littafi ba. Na ce mu gwada kaya iri ɗaya kawai, takardar firinta, na sati guda, littafinsa na nan a buɗe. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. Jonathan Freedman da Scott Fraser sun nuna a 1966 cewa wanda ya amince da ƙaramar buƙata ya fi saurin amincewa da babba daga baya. Sai dai ni ina ganin dabarar tana da kaifi biyu. In kana ɓoye inda za ka kai mutum, yaudara ce, kuma ranar da ya gano ka gama yawo. Na gaya masa tun farko cewa burina duk kayan su koma ciki, kuma in gwajin ya gaza ni zan tashi a taro in faɗa.

Bai gaza ba. Yaran sito suka biyo shi ba tare da na ce uffan ba, sashen saye suka shigo da suka ga an daina kiransu ana tambayar lambar oda. Shugabar sashen kuɗi ce ban taɓa shawo kanta gaba ɗaya ba. Har yau sai an buga mata a takarda take sa hannu, na kuma haƙura da hakan.

A taron ƙarshen wata na huɗu manaja ya miƙe ya yaba da abin da ya kira "tsarin Baba". Aka tafa. Ba zan ɓoye ba, na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji, don ko sunana ba a ambata ba. Da muka fito Baba ya riƙe hannuna, ya ce gobe in leƙo da wuri, akwai maganar kayan da ake mayarwa, yana so mu ga inda za mu sa su.