Verilog da wani dattijo Bahaushe a Jidda

Makonnin farko na ɗalibin da ya zo Jidda daga Arewa a zirga-zirga suke ƙarewa: gwajin lafiya, ɗaukar hoton yatsu, jiran iƙama (katin izinin zama), sannan rajistar manhajar Absher, wadda kusan duk hulɗa da hukuma ta cikinta ake bi. Mako ranar Lahadi yake farawa, hutu Juma'a da Asabar. Zafi mun san shi a Kano, amma na bakin Bahar Maliya da danshi yake tafe, kana fitowa daga wanka gumi ya sake jiƙa ka.

Ban gama sabawa da wannan ba aka ɗora mana Verilog, harshen da ake zayyana da'irar lantarki da shi. A gida mun karanta tubalan da'ira irin su AND da OR da flip-flop (wanda ke riƙe 0 ko 1), amma a kan allo da takarda. Malaminmu ya ce Phil Moorby ne ya ƙirƙiro shi wajen 1984, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta daidaita ƙa'idojinsa a 1995, ya kuma ce kowa ya sauke Icarus Verilog, manhajar gwada abin da aka rubuta, tunda kyauta ce.

Da daddare na buɗe fayil na sa masa suna gaisuwa.v. Layuka kaɗan ne tsakanin module da endmodule: initial, sai $display, umarnin nuna rubutu a allo, ɗauke da "Assalamu alaikum", sai $finish. Na buga iverilog -o gaisuwa gaisuwa.v, allo bai ce komai ba, wanda a wannan aiki alheri ne. Na buga vvp gaisuwa, sallamar ta fito. Na yi murna ƙwarai, ko da yake wannan kwaikwayo ne kawai a cikin kwamfuta, $display ba ya zama da'ira.

Wanda ya fahimtar da ni ainihin abin wani dattijo ne mai kula da kayan ɗakin gwaji. Ya ji ina waya da mahaifiyata, da na gama ya ce, "Ɗana, ɗan wane gari ne?" Ashe a Makka aka haife shi. Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Chadi da Sudan, ya ƙetare teku daga Sawakin.

Na nuna masa wani aiki da ya ɗaure mini kai. Na ce, "Baba, wane layi ne yake fara gudana a nan?" Ya ce babu na farko. A harsunan kwamfuta irin su C ko Python umarni kake jerowa ɗaya bayan ɗaya, a nan kuwa wayoyi kake shimfiɗawa, kuma duk suna aiki lokaci guda. Ya ɗora yatsa a kan posedge clk, wato lokacin da agogon da'irar ya buga, ya ce in tuna da sallar jam'i a Harami: liman ya yi kabbara, sahu duka su yi ruku'u tare, ba wanda yake jiran na kusa da shi ya gama. Haka kowane flip-flop yake jiran bugun agogo. A ganina da wannan ya kamata a fara koya wa ɗalibi, tun kafin ya taɓa madannai.

Ya ɗauko mini Basys 3, allon lantarki da ake loda wa da'irar da aka zayyana, mai agogon da ke bugawa sau miliyan 100 a daƙiƙa. Ido ba ya ganin irin wannan sauri, don haka na rubuta maƙirgi mai bit 26 (gurbi 26 na 0 ko 1), ya ƙirga bugu miliyan 50 ya juya fitila, wato duk rabin daƙiƙa. Na haɗa sunayen da na yi amfani da su a Verilog da ƙafafun guntun da ke kan allon a wani fayil da ake kira XDC. Vivado, manhajar da ke shirya zayyanar don a loda ta a allon, ta ɗauki mintoci tana harhaɗawa, Baba yana shan shayinsa mai na'ana'a. Da muka loda, koriyar fitila ta kama ƙiftawa. Ya ce, "Masha Allah," ya kira wani abokin aikinsa ɗan Misira ya zo ya gani.

Aikin da ke gabanmu yanzu na fitilun ba da hannu ne a mahaɗar titi. Baba ya ce in zana matakan a takarda in kawo masa gida ranar Juma'a bayan masallaci, don Hajiya za ta yi tuwo da miyar kuka, kuma 'ya'yansa suna son su ji Hausar Kano daga bakina.