Wasiƙa daga Ingila ga masu tambayata a kan amfilifayar jita mai bawul

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina lafiya, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Gaisuwar ta tsaya nan, don in na biye mata ba za mu kai ga maganar ba.

Tun da aka ji ina aiki a shagon gyaran kayan kiɗa a nan Ingila, tambaya ɗaya ke ta zuwa mini, sai dai kowa da yadda yake juya ta: wace amfilifayar jita mai bawul ce ba ta lalacewa? Amfilifaya dai ita ce akwatin da ke ƙara wa jita sauti, bawul kuma kwalaben gilashi ne da ke cikinta masu ninka sautin. Wani ya ce ta kamfanin Marshall zai nema ko ta Mesa/Boogie, wani ya turo hoton Peavey 6505 ta hannu ya ce in duba masa, wani kuma ya ji an ce wadda aka haɗa da hannu ita ce magana. Amsa ɗaya-ɗaya ta ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta wa kowa. Zan taɓa ginin cikinta, da bawul, da lasifika, da na'urorin zamani masu kwaikwayon sautinta, in wuri ya isa.

Wadda ba ta lalacewa dai babu ita. Duk sunan da kuka sani yana zuwa kan teburinmu. Bambancin kawai, wata in ta zo sai a buɗe a ga matsalar a gyara kafin mai ita ya gama hira, wata kuwa sai an kwance rabin cikinta kafin a kai ga abin da ya ƙone. Ni da wannan nake auna inganci, ba da tambarin da ke goshinta ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dalilin da irin su 6505, masu ninka sautin jita har ya koma gurnani, suka fi sauran rigima yana cikin yadda aka tsara su. Sautin da ke fitowa daga jita ɗan mitsitsi ne. Ƙaramar bawul 12AX7, wadda Turai ke kira ECC83, gida biyu gare ta a cikin kwalba ɗaya, kowane gida kuma a takarda yana iya ninka sauti har sau 100. Tsofaffin amfilifayoyi gidaje kaɗan suke jerawa. Randall Smith na Mesa/Boogie a Kalifoniya yana cikin waɗanda suka fara ɗora gida kan gida tun farkon shekarun 1970, Mike Soldano ya fito da SLO-100 a 1987, sannan Peavey ta fito da 5150 tare da makaɗin jita Eddie Van Halen a 1992, da 12AX7 biyar da manyan bawul 6L6 huɗu. Ita ce aka sauya wa suna zuwa 6505 a 2005. To abin da ke ninka sautin jita ba ya tantancewa. Yana ninka huci, yana ninka gunjin wuta, yana ninka duk wani likin dalma da ya saki. Aibin da zai yi shiru shekara da shekaru a amfilifaya mai sauti garau, a nan ihu yake yi. Don haka wanda ya rubuto cewa tasa tana huci in ya murɗa ta ƙarshe, ɗan uwa, ba lalacewa ba ce, halinta ke nan. Amma in tana wata ƙara kamar fito ba a taɓa ta ba, ka sami siririn katako busasshe ka ɗan ƙwanƙwasa bawul ta farko, wadda ta fi kusa da ramin da ake soka wayar jita. In ka ji ƙarar ta fito ta lasifika tana amo kamar an taɓa ƙararrawa, ita ce mai laifin. Canja ta, shi ke nan.

Babban abokin gabar amfilifaya zafi ne. Manyan bawul huɗu, EL34 ko 6L6, suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 450 zuwa 500, kuma hannu ba ya iya taɓa su. In kamfani ya dasa soket ɗinsu, wato mazaunin da ake soka su, kai tsaye a kan siririn fanel, allon da ake liƙa ƙananan kayan lantarki a kai, duk zafin nan fanel ɗin ke sha. A buɗe irin wannan bayan 'yan shekaru, za a ga kewayen soket ya yi ruwan ƙasa, in an sa gilashin ƙara girma kuma a ga wani siririn zobe ya tsage a dalmar kowace ƙafa. Yau ta yi aiki, gobe ta ɗauke ana tsakar kiɗa, jibi ta dawo kamar ba ita ba. Wannan ne ya sa mutane ke cewa sai mai haɗin hannu. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Na ga haɗin hannu da aka yi wa aikin ganin dama, wayoyi sun cukurkuɗe suna jawo gunji, na kuma ga mai fanel da ta shekara talatin tana yawo a bayan mota ba ta taɓa tari ba. Abin dubawa shi ne kaurin fanel, da ko an ɗaure soket da maɓallan murɗawa a jikin ƙarfen akwatin, ko kuwa dalma kaɗai ke riƙe da su.

Yanzu bari in zo kan sanyi, don shi ke cin raina. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, shagon kuma sai yatsu sun ƙage kafin hita ta kama, ga shi aikin na riƙe ƙananan abubuwa ne. Amma ba wahalata nake kuka da ita ba. Makaɗa za su bar kayansu a mota su kwana a waje, ƙarfe ya yi sanyi ƙarara, washegari su shigo da amfilifaya ɗaki mai ɗumi cike da numfashin jama'a su kunna nan take. Ai raɓa ce ke kwantawa a cikinta, yadda take kwantawa a gilashin ido. Raɓa da bolt 500 kuwa ba sa zama wuri ɗaya lafiya. Wuta ta yi tsalle tsakanin ƙafafu biyu na soket, ta bar baƙin layi na gawayi, daga ranar kuma layin nan ya zama hanyarta, ko an sa sabuwar bawul sai ta sake bi. Sai an cire soket ɗin ɗungurungum. Duk hunturu sai mun yi ta faɗa: a ajiye ta ta huce sanyin tukuna, a bar ta ta yi ɗumin ɗaki. Su ce to, baɗi kuma su dawo da irin ta. Wanda yake wuri mai zafi kada ya ce ya tsira, nasa ta wata ƙofar yake zuwa. Zafi na busar da kafasito, wato 'yan gwangwanin da ke tara wuta a cikinta, ƙura ta haɗu da laima ta yi aikin da raɓa ke yi a nan. A bar mata sarari a baya, kada a manna ta da bango, kada a lulluɓe ta tana aiki.

Sai takardu, su ma ba sa ƙarewa. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, makaɗan da za su tsallaka Faransa ko Jamus da kayansu galibi sai sun yi wata takardar kwastan da ake jera kowane kaya da lambar jikinsa. Amfilifaya ta mutu ana saura kwana biyu tafiya, ba dama a ɗauki wata a maye gurbinta hankali kwance, don lambar ba za ta dace da takarda ba. Sai su tsaya mana a ka. Ga takardar garanti, wadda ba mai karantawa sai abu ya faru: akwatin a ba shi shekaru, bawul kuwa wata uku ko shida. Ba zalunci ba ne, bawul kamar tayar mota take, ci take yi tana ƙarewa. Wanda ya fi ba ni haushi kamfanin da zai hana mai gyara zanen yadda aka haɗa cikin kayansa sai an cike fom an jira. Kafin ka ɗauki kowace iri, bincika ko zanenta yana samuwa.

Su kansu bawul ɗin masana'antunsu a duniya ba su da yawa yanzu. Akwai JJ a Sulobakiya, akwai ta Saratov a Rasha mai yin Sovtek da Electro-Harmonix, sai na Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 an yi 'yan watanni ana wawason su. Mai amfilifaya ya ajiye saitin manya guda da ƙanana biyu a gefe. In an canja manyan a saita bayas, wato yawan wutar da suke ja suna zaune. In ta yi yawa za ka ga farantin cikin kwalbar ya yi jawur, to a kashe nan take. Mesa/Boogie ba ta sa maɓallin saita wannan, ta fi son a sa bawul ɗin da ta gwada da kanta.

Uku daga cikin abin da ke kawo mana aiki kuwa ba laifin kamfani ba ne. Kunna ta ba a haɗa lasifika ba, wannan kan kashe taransifomar fitar da sauti, wadda ita ce zuciyar akwatin. Sa ta Amurka mai bolt 120 a wuta mai 230. Sai naɗe fis da waya in ya ƙone, alhali ƙonewarsa ce ta ceci sauran. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza mai kyau dole ce. Kuma don Allah wanda bai iya ba kada ya sa hannu a ciki. Manyan kafasito kan riƙe wutar da za ta iya kisa ko an zare filogi.

Lasifika dai a dace da lambar om, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, 4 ko 8 ko 16, yadda aka rubuta a baya. Masu kwaikwayo irin su Kemper na Jamus kuwa suna da sauƙin ɗauka, ba kamar Marshall mai wat 100 da ke kai kilo 20 ko ba lasifika ba, amma in sun mutu ba aikin teburinmu ba ne, sai a mayar wa kamfani. Wannan sai wata wasiƙar.

Mai hoton 6505, turo mini hoton bayanta inda aka rubuta bolt, da na manyan bawul ɗin tana kunne, kafin ka ce ka ɗauka. A gaida kowa da kowa.