Ajiye aikin BOINC cikin RAM: abin da muka gani a shagon gyaran kwamfuta

Sana'armu a nan Maradi gyaran kwamfuta ce da sayar da na gwanjo. Duk na'urar da ta shigo, kafin a sa mata kuɗi sai ta kwana biyu ko uku tana aiki da dukkan ƙarfinta, don wadda za ta mutu ta mutu a hannunmu, kada ta je ta kunyata mu a gidan mai saye. Maimakon ta ƙona wuta a banza, BOINC muke ɗora mata. Manhaja ce da aka ƙera a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 2002, ƙarƙashin David Anderson. Tana karɓo ɗan guntun lissafi daga masu bincike, kwamfutarka ta yi, ta mayar musu. Einstein@Home na neman taurari masu juyi cikin bayanan na'urorin hangen sama. Rosetta@home na aiki kan siffar furotin a ɗakin binciken David Baker, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024. Ba a biyan kowa, aikin sa-kai ne.

Masu wannan harka kan tambaya ko mayar da wani yanki na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da kwamfuta ke aiki da ita, ya zama kamar diski zai ƙara sauri. Yana ƙarawa, amma a wasu na'urori kaɗai, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama yana iya cinye aikin kwana guda.

Abin da ke jan hankali a fili yake. Tsohon diski mai juyi yana karanta kamar mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa idan fayil ɗin a jere yake, in kuwa ƙananan fayiloli ne a warwatse sai ya koma rarrafe. SSD na SATA, wato diski marar juyi, yana kai mega 500. Sandar RAM ta DDR3-1600 kuwa a takarda tana kai giga 12.8. Sai dai yawancin ayyukan BOINC ba diski suke jira ba, firosesa ce ke fama, kuma Linux da kansa yana riƙe fayilolin da aka karanta kwanan nan cikin RAM ba tare da an roƙe shi ba. Don haka kafin a taɓa komai, a buɗe bayanan aiki ɗaya a BOINC Manager a kwatanta lokacin firosesa da lokacin agogo. In aikin awa shida ya nuna tazarar minti biyu ko uku, a bar maganar nan, babu abin da za a ci. In tazarar ta yi yawa, a duba `top`, a kalli adadin `wa`. Shi ke nuna yadda firosesa ke zaune tana jiran diski.

Inda muke ganin amfani shi ne tsofaffin kwamfutocin OptiPlex da ire-irensu masu firosesa i5 mai zuciya huɗu, wato mai ɗaukar ayyuka huɗu a tare, da diski mai juyi. Wasu ayyuka suna kwance babban fayil na zip a farkon tashi, dubban ƙananan fayiloli. In huɗu suka tashi tare, fitilar diski ta tsaya ja cak, kana jin kan allurar yana ƙaƙas-ƙaƙas, firosesa kuwa tana hutawa. A nan RAM tana gajarta jiran sosai. Amfani na biyu, kuma a ganina shi ya fi, shi ne tsawaita ran SSD masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda rubutu dare da rana ke ƙarar da su.

Ga yadda muke yi a Linux na Debian ko Ubuntu. Gidan BOINC yana `/var/lib/boinc-client`, a wasu sababbin tsare-tsare `/var/lib/boinc`. Ciki akwai `projects`, da `slots`, da fayil ɗin `client_state.xml`. Kowane aiki da ke gudana yana da ɗakinsa cikin `slots`, mai lamba 0, 1, 2, kuma a nan yake rubuta alamar inda ya kai. `slots` kaɗai muke kaiwa RAM, ta hanyar tmpfs, wato tsarin Linux da ke mayar da yankin RAM kamar diski. Da farko a auna da `du -sh slots/*` na kwana ɗaya, a ɗauki jimilla mafi girma da aka gani ta dukkan ɗakunan a ƙara rabinta. A tsayar da `boinc-client`, a kwafe `slots` zuwa wani wuri a diski, sannan a sa wannan layi a `/etc/fstab`, a sa adadin da aka auna a madadin `2G`:

`tmpfs /var/lib/boinc-client/slots tmpfs size=2G,uid=boinc,gid=boinc,mode=0771 0 0`

A hau da shi da `mount`, a mayar da abin da aka kwafe, a tada manhajar. Kada a sa `noexec`, domin wasu ayyuka daga cikin ɗakin nasu suke tada shirinsu. In kuma aka manta `uid` da `gid`, ɗakin zai zama na root, wato babban mai iko a Linux, BOINC ta kasa rubutu, ayyuka su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙoƙi.

Me ya sa ba mu kai gidan duka RAM? Saboda `client_state.xml`. Yana ɗauke da lambar da ke ƙaruwa duk lokacin da na'urar ta yi magana da uwar garke. In wuta ta ɗauke ka dawo da tsohon kwafi, uwar garke za ta ga lambar ta koma baya, ta ɗauka wata na'ura ce ta daban ko ta soke ayyukan da ke hannunka. Wannan fayil a diski ya kamata ya zauna.

Lissafin RAM ɗin shi ne inda mutane ke faɗuwa. Tmpfs ba ya cin giga biyun nan sai gwargwadon abin da aka zuba masa, amma BOINC ba ta san da shi ba. Tsarinta na asali yana ba ta damar cin kashi 90 cikin 100 idan ba kowa a kan na'urar. Ɗauki mai giga 8: ayyuka huɗu na Rosetta, kowanne yana iya cin giga ɗaya ko fiye, ga tmpfs, ga Linux kansa. Da an matse, sai a fara tura kaya zuwa swap, wato diskin da ka gudu shi ka komo, kuma yanzu ya fi da muni. Muna sauke iyakar zuwa kashi 60, ko mu ƙara sanda ta kai giga 16. Ayyukan da ke gudana cikin VirtualBox, manhajar da ke tada kwamfuta ta kwaikwayo a cikin kwamfuta, irin wasu na LHC@home, suna ajiye fayil mai nauyin giga-giga a ɗakinsu; waɗannan ba mu kai su RAM sam. In tmpfs ya cika, aikin yakan fashe da kuskure, awannin da aka yi sun tafi.

Sai maganar wuta. Abin da ke RAM yana bin wutar ne. Na'ura ta tashi, BOINC ta tarar da ɗakuna wayam, aikin ya koma farko ko ya lalace. Magani shi ne kwafin `slots` zuwa diski da `rsync -a --delete` duk minti 15. Kafin kwafin a dakatar da aiki da `boinccmd --set_run_mode never`, bayan an gama a mayar `auto`, kuma a kunna zaɓin barin aiki cikin RAM lokacin dakatarwa, in ba haka ba kowane kwafi zai mayar da aikin baya. A tsara systemd, mai tada manhajoji a Linux, ya dawo da kwafin kafin BOINC ta tashi, ya kuma ajiye shi bayan ta tsaya. Akwai tarko ɗaya mai ciwo: in mai kwafin ya riga mai dawowa tashi, `--delete` zai ga ɗaki wayam ya share ajiyar ita ma. Sai a sa sharaɗi, kada a yi kwafi in `slots` babu komai. Duk na'urar da ba ta kan batir mai riƙe ta ko da minti goma, ba mu yi mata wannan tsari.

Mai Windows zai iya yin irinsa da ImDisk, manhajar da ke yin diski a RAM, da `mklink /J` a `C:\ProgramData\BOINC`, da haɗari iri ɗaya. Wanda kuma burinsa rage rubutu ne kawai, ya ɗaga tazarar ajiye alama daga daƙiƙa 60 zuwa 600. Ba ya cin sisi.

Abin da ya fi cin sauri a Maradi shi ne zafi. A Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙoran abin sanyaya kamar auduga. Firosesa ta yi zafi sai ta rage gudunta da kanta, kuma wannan asarar ta ninka duk abin da RAM za ta ba ka. Kafin mu rubuta layi ɗaya a `fstab`, muna buɗe akwatin, mu hure ƙurar, mu goge tsohon man firosesa da ya bushe kamar laka mu sa sabo, mu duba zafin da `sensors`. Da bazara muna rage zuciya ɗaya cikin huɗu da rana. Ranar da za a sayar da na'ura kuwa, tun jajibere ake danna hana karɓar sabon aiki, a bar na hannu ya ƙare ya koma wa masu shi, sannan a share diskin.